Rafiu Mai Batir da Hotunan Baba Hambali

A Sanaiya, unguwar gareji da rumbunan kaya da ɗakunan ma'aikata da ke bayan birnin Doha, idan ka ce kana neman Rafiu za a tambaye ka wanne. In ka ce mai batir, za a nuna maka wani gareji mai koriyar ƙofa. In ka ce mai majigi, nan ɗin dai za a nuna maka.

Mutumin Kumasi ne, haifaffen zangon Aboabo, ko da yake kakansa daga Ilori ya zo yana fataucin atamfa. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, ba ya da yawan magana, kuma duk rigunan aikinsa ruwan batir ya yi musu ƙananan huji a gaba. Mahaifinsa mai hoto ne a bakin tasha. Da ya rasu, 'yan'uwa suka raba ɗaki da keken ɗinki, Rafiu ya ce shi a ba shi tsohuwar kyamara da majigin da tsohon yake haska hotunan Sallah a bangon makarantar allo. Su ya naɗe cikin zanen matarsa Ajaratu ya zo da su Qatar a shekarar 2011, ba tare da ya san abin da zai yi da su ba.

Bayan shekara biyu ya sani. Wani birkila ɗan Tamale zai koma gida gaba ɗaya, saura mako guda wayarsa ta faɗa cikin ɗanyen kankare, hotunan shekara shida suka tafi da ita. Rafiu kuwa ya taɓa ɗaukar sa hoto a wurin aiki. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya roƙi Bawah, mai fentin motoci na garejin, ya buɗe masa ɗakin fenti. Bangon ɗakin fari ne tas, in an rufe ƙofa kuwa ko tafin hannunka ba ka gani da tsakar rana. Aka taru, Rafiu ya kunna majigi, sai ga birkilan nan a bango ya fi ƙofa tsawo, cokalin gini a hannunsa. Mutumin ya yi ta kallon kansa.

Daga nan abin ya zama al'ada a tsakanin 'yan zangon da ke Sanaiya. Duk wanda zamansa ya yi khalas, wato ya ƙare, zai koma gida, sai an haska shi. Rafiu zai bi shi wurin aiki ya ɗauke shi, ranar Juma'arsa ta ƙarshe a nuna hotunan a ɗakin fenti, kowa ya faɗi abin da ya sani game da shi, a yafi juna, sannan a miƙa masa hotunan a ƙaramin akwati ya tafi da su. Kowane hoto ɗan guntun fim ne da bai wuce kan sarki biyu ba, an sa shi cikin firam na kwali. Ko babu majigi, in ka ɗaga shi sama kana gani.

Fim ɗin da yake amfani da shi na musamman ne, baƙi da fari. Sauran finafinai in an wanke su a juye suke fitowa, fari ya zama baƙi, baƙi ya zama fari, shi ne nagatif. Wannan kuwa daidai yake fitowa, kai tsaye a sa shi a majigi. Kamfanin da ke yin sa ya daina tun kafin Rafiu ya baro Kumasi. Ragowar da ke hannun mutane yake saye ta intanet, ya ɓoye a firji, in ya ɗauka ya aika wa wani tsoho a Turai ta gidan waya ya wanke masa. Mako shida ake yi kafin hotuna su dawo.

"Massa, duniya ta wuce ta bar ka," in ji Bawah, kusan kowane mako. "Waya ɗaya tana ɗaukar hoto dubu."

"Ina hotunan aurenka?"

"Suna tsohuwar wayata."

"Ina tsohuwar wayar?"

"Kai dai mugu ne," in ji Bawah, ya koma kan fentinsa.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yarda a ɗauke shi ba, wato Baba Hambali mai walda. Ɗan Nima ne, na birnin Accra, shi ne babba a ɗakinsu, kuma shi ya tarbi Rafiu ranar da ya sauka, ya ba shi katifa da kwano. Ya yi walda a dogayen benen West Bay tun suna ƙarafa tsirara, daga baya ya koma aikin gadoji da filayen ƙwallo. In Rafiu ya ɗaga kyamara, sai ya sauke murfin walda ya rufe fuska, ya ce shi ba ɗan wasan kwaikwayo ba ne.

Da annobar korona ta shigo a watan Maris na 2020, aka rufe titunan Sanaiya, ba shiga ba fita. Zazzaɓin ya kama Baba Hambali, aka tafi da shi wurin killacewa. Mako uku ya yi. Ya dawo wandonsa na zamewa, muryarsa ta shaƙe. Wata safiya suna zaune a bakin ɗaki, Rafiu na dama masa koko, sai tsohon ya ce:

"Can inda aka kwantar da ni, jikata Alimatu ta kira ni. Ta ce, Kaka, wane aiki kake yi a Qatar? Na ce walda. Ta ce irin na mutumin nan da ke gyara ƙofa a bakin titinmu? Na ce irinsa." Ya karɓi kokon. "Shekara goma sha bakwai, Rafiu. Da can na mutu, abin da yarinyar nan za ta sani ke nan."

Ya ajiye kokon, ya dubi Rafiu.

"Ranar da zan tafi, ka haska ni."

"Yoo, Baba. Na yi alkawari."

A lokacin fim biyu suka rage a firji. Rafiu ya rubuta sunan tsohon a jikin ɗaya. Amma kafin shekara ta zagayo aiki ya tsaya wa samari biyu, Suraj da Hanif, kowannensu zai koma gida tun bai shirya ba. Rafiu ya yi wa Suraj da ɗaya, ya ce wa Hanif fim ya ƙare. Baba Hambali ya buɗe firji da kansa, ya ɗauko mai sunansa ya ajiye a gaban Rafiu.

"Yaron nan zai koma ba tare da ya tara komai ba. Ko hotonsa ya kai wa uwarsa. Ni ina nan tukuna, ka nemo wani."

Hotunan Hanif suka dawo daga Turai tare da 'yar wasiƙa. Tsohon ya ce waɗannan ne na ƙarshe, annoba ta kashe masa kasuwa, ya rufe shago. A intanet kuma fim ɗin ya ɓace. In ma ya ɓullo, ya yi shekaru a aljihun wani, babu tabbas, kuma babu mai wankewa.

Rafiu ya shiga nema. Ya gano akwai wani kamfani da ke yin fim mai kama da shi, ya yi murna kwana biyu, sai ya ji cewa sai da nasa ruwan wanki na musamman, wanda ba a yarda a ɗauko a jirgin sama ba. Ya koyi wanke nagatif a banɗaki, irin yadda ya ga mahaifinsa na yi, sannan ya gwada ɗora nagatif a kan sabon fim ya haska, don juyin ya sake juyewa. Hoto ya fito, amma toka-toka kamar ruwan wanke-wanke, kuma duk ƙurar Sanaiya ta zauna a kai, a bango kowace ƙwaya ta zama kamar kyankyaso. Bawah ya aro masa ƙaramin majigin waya, ya ce a huta haka nan. Baba Hambali ya dubi abin ya ce:

"In an gama, me za a sa min a akwati?"

Aka mayar wa mai shi.

A ƙarshen 2021 Rafiu ya ci karo da bayanin wata tsohuwar hanya. Ashe nagatif na yau da kullum, in gindinsa garau ne kamar gilashi, ana iya juya shi tun a wurin wanki. Za ka wanke shi hoton farko ya fito a juye. Sai ka zuba wani ruwa ya cinye wannan hoton gaba ɗaya. Abin da ya rage a jikin fim shi ne kishiyarsa, sai ka nuna masa haske, ka sake wankewa, hoto ya fito daidai. Rafiu ya karanta abin da ake haɗa ruwan cinyewar da shi, ya sake karantawa, ya fashe da dariya shi kaɗai a cikin shago. Abu biyu ne: garin famanganet, mai rina ruwa shunayya, wanda ake saye a kemis don jiƙa ƙafa mai ƙaiƙayi, da kuma ɗan ruwan batir da aka tsarma sosai. Shekara goma yana aiki da rabin maganin.

Ya gwada a watan Janairu, da sanyi. Hoton tayar mota ne da kyanwar gareji. Ya fito. Bai yi ƙarfi ba, amma baƙi baƙi ne, fari fari ne. Ya kai wa Baba Hambali da gudu, hannunsa na ɗiga. Tsohon ya ɗaga ya duba, ya ce kyanwar ta fi Bawah kyau.

Sai zafi ya shigo, abin ya lalace. Tun daga watan Mayu, duk fim ɗin da ya wanke, da zarar ya kai ga ɗauraya sai fatar da ke ɗauke da hoton ta saki, ta kwaɓe kamar bawon tumatir da aka tafasa, ta bi ruwa ta tafi. Ya rage ruwan batir, ta kwaɓe. Ya rage famanganet, ta kwaɓe. Ya canza fim, ya canza kemis, ya sa ƙanƙara a roba ya sanyaya kowane magani har ma'auni ya nuna digiri ashirin kamar yadda aka rubuta. Duk da haka yana tsaye yana kallo fuskar mutum za ta zame daga fim ta naɗe a bakin magudana. Yatsunsa suka rine suka zama ruwan ƙasa. Ajaratu ta gani a waya, ta tambaye shi ko lalle ya fara sawa a Qatar.

A watan Satumba takarda ta zo wa Baba Hambali. Aikin kamfaninsu ya ƙare, shekarunsa kuma sun kai, ba za a sabunta masa takardar zama ba. Jirginsa ranar Asabar, goma sha tara ga Nuwamba, ana gobe za a fara gasar cin kofin duniya.

"Ka ga ikon Allah," in ji shi. "Na yi wa ƙwallo ɗaki, zan tafi kafin ta tare."

Rafiu ya nemi izinin rabin yini ya bi shi ranar aikinsa ta ƙarshe, inda suke ƙarasa ƙarfen dafawa na wata gadar ƙafa kusa da filin wasa. Ranar Juma'ar da ta biyo baya suka hau jirgin ƙasa zuwa West Bay, tsohon ya sa farar riga, ya riƙa nuna benen da ya yi aiki a cikinsu. Hoto talatin da shida, fim ɗaya, domin shi kaɗai ya rage masa mai garau ɗin gindi, sauran duk gwaji ya cinye, kuma sabon odar da ya yi bai iso ba. Da suka dawo Rafiu ya sa shi a firji bai wanke ba. Ya san in wannan ya kwaɓe, babu wata ranar aikin da za a sake.

Mako huɗu fim ɗin na kwance kusa da kwalbar yaji. Sabon odar ya iso, ya ci gaba da gwaji, gwaji na ci gaba da bin magudana. Baba Hambali bai tambaye shi ba ko sau ɗaya. Ya dai sayi ƙaramin akwatin kwano, ya goge shi, ya ajiye a kan jakarsa inda Rafiu ke gani kowace safiya.

Wajen ƙarshen Oktoba wata mata ta kawo ƙaramar mota daga Al Wukair, batirinta ya mutu. Sunanta Zalihatu, 'yar Najeriya ce daga Sabon Birnin Gobir, tana karatun digiri na uku a fannin sinadarai. Tana tsaye a inuwa yana kwance batir, sai ta ce:

"Malam, wannan rinin na hannunka ba na batir ba ne. Famanganet ne. Me kake yi da shi?"

Ya ɗago ya dube ta. Wata goma ke nan ba wanda ya kira sunan maganin nan sai shi. Ya faɗa mata komai, har da Baba Hambali. Da ta ji sunansa da inda kakansa ya fito, sai ta yi dariya a bayan mayafi.

"Ashe Bayarabe ne. Shi ya sa. Kawo takarda in ga abin da bawana yake yi."

"Bagobira ce? To, yau na san batirin nan ba zafi ya kashe shi ba, tuƙi ne."

Ya kawo mata littafin da yake rubuta gwaje-gwajensa. Ta bi shi layi-layi, ta ce awonsa daidai ne, haɗinsa daidai ne, har ya fi na wasu ɗalibanta tsabta. Sai ta sa yatsa a tsakanin layi biyu.

"Nan ka rubuta ɗauraya. Da wane ruwa?"

"Na famfo. Mai sanyi."

"A Doha?"

"Malama, ni ba baƙo ba ne. Jan famfo nake buɗewa."

Duk wanda ya yi bazara ɗaya a Doha ya san wannan. Tankin ruwa a kan rufi yake, rana na dukan sa, don haka famfo mai shuɗiyar alama, wanda ya kamata ya ba da ruwan sanyi, shi ke ƙona hannu. Sai mutane su kashe hita, ruwan da ke kwance a cikinta a cikin ɗaki ya huce, jan famfo ya zama shi ne na sanyi. Da shi ake wanka, da shi ake alwala. Rafiu ya auna kowane magani da ma'auni, amma ruwan ɗauraya bai taɓa aunawa ba. Mahaifinsa bai taɓa yi ba a Kumasi, kuma in ya tara hannu yana jin sanyi.

"Hannunka ya shekara goma sha ɗaya a ƙasar nan," in ji Zalihatu. "Ba za a karɓi shaidarsa ba. Je ka auna."

Ya tara ruwan jan famfo a kofi ya tsoma ma'auni. Digiri talatin da uku. Ta ce masa famanganet na sa fatar fim ta yi laushi kamar kunu, yana fitar da ita daga sanyi yana watsa mata ruwan ɗumi, dole ta saki. A Janairu sanyin gari ne ya rufa masa asiri.

Rafiu ya tsaya da kofi a hannu. Can sai ya juya ya dubi ma'ajiyar batura, inda jarkokin tataccen ruwa da ake ƙara wa batir suke jere a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki. Ruwa ne da babu gishiri ko datti a cikinsa, kuma shi ke da makullin.

A ranar ya sayi jarka huɗu daga wajen mai garejin, ya kwashe lemun Bawah daga firji ya jera su.

"Chale, wa ya fitar min da lemu?"

"Ka sha da ɗumi, yana gyara murya."

Gwajin farko da ruwan firji bai kwaɓe ba. Na biyu ma haka. Na uku ya fito da ƙarfin da ya sa Rafiu ya zauna a kan bokiti yana kallo, domin ya kai na tsohon Turai, in ma bai fi ba.

Ranar Juma'a, sha ɗaya ga Nuwamba, da hantsi, ya ɗauko fim ɗin Baba Hambali. Ya toshe ƙasan ƙofar banɗaki da tabarmar mota, ya naɗa fim a cikin ɗan tankin wanke fim a duhu, ya rufe, ya kunna fitila. Ruwan wanki na farko, minti goma sha biyu. Ɗauraya da ruwan firji. Ruwan shunayya, minti biyar, yana juyawa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ɗauraya. Ruwan da ke share rini. Ɗauraya.

Sai wurin da ya fi tsoro, ko a gwaji. Tun yana ɗan shekara bakwai mahaifinsa ya ja masa kunne cewa ba a buɗe tanki kafin a gama, haske ɓarawo ne. Yanzu kuwa dole ya buɗe a tsakiyar aiki, ya nuna wa fim haske da gangan. Ya yi bisimilla ya cire murfi. Fim ɗin fari-fari ne kamar madara, fatarsa na nan daram, kuma a jikinsa, dishi-dishi, ga wani mutum sanye da hular kwano. Ya tsoma shi a farar roba mai ruwan sanyi, ya jawo fitilar da yake duba ƙarƙashin mota da ita, ya haska minti biyu a kowane gefe. Da ya zuba ruwan wanki na biyu, yana kallo da idonsa madarar nan ta fara duhu, gira ta fito, gemu ya fito, tartsatsin walda ya tsaya fari a cikin baƙi.

Bawah ne ya buga ƙofa. "Massa, mutuwa ka yi a ciki? Za a tada salla!"

Rafiu ya buɗe, fim na rataye a hannunsa tun daga kafaɗa har gwiwa. Bawah ya matso da fuska ya duba, ya duba, ya cire hularsa ya mayar.

"Kai. Wallahi tsohon ne."

Talatin da ɗaya suka yi kyau. Firam ya ƙare masa tun tuni, don haka ya yanka su da reza daga kwalin batir, ɗaya bayan ɗaya, cikin mako guda.

Juma'ar ƙarshe ta zo daidai da ranar da ake sa ran saukar 'yan wasan Ghana. Sanaiya ta cika da tuta ja da rawaya da kore. Samari sun yi hayar bas, sun ɗora ganguna, suna ta yalla, yalla, za a je tarba. Bawah ya ce ba za a samu mutum goma a ɗakin fenti ba. Aka samu fiye da arba'in, wasu da tuta a wuya, wasu a tsugune a kan gwangwanayen fenti. Zalihatu ta zo tare da mijinta Abdul-Ganiyu, aka ba su kujeru a bakin ƙofa. Baba Hambali ya zauna a gaba cikin farar riga, akwatin kwano a cinyarsa.

Aka ja ƙofa. Majigi ya yi ƙara, hasken ya faɗa bango.

Hoton farko, tsohon ne a kan gada, murfin walda a ɗage a goshinsa, tsawonsa daga ƙasa har rufi. Ɗakin ya ɗauki sowa. Wani ya ce ashe Baba kyakkyawa ne, walda ce ta ɓoye shi. Wani ya ce a aika wa Hajiyarsa a Nima ta san abin da ke tafe. Na biyu, hannayensa ne kaɗai, kowane tabon ƙuna ya fito. Na uku, tartsatsi na zuba kamar ruwan sama. Baba Hambali bai ce uffan ba. Rafiu ya fara jin tsoro ko bai yi masa ba.

A hoto na tara babu mutum. Ƙarfe biyu ne da suka haɗu, da layin walda a tsakaninsu. Rafiu ya ɗauke shi ne don gwada haske, har ya so ya cire shi. A bango layin nan ya kai kaurin cinya, kowane ƙulli ya hau kan ɗan'uwansa daidai, kamar kitson da gwana ta yi.

"Tsaya nan," in ji Baba Hambali.

Ya miƙe, ya taka har bango, inuwarsa ta rufe rabin hoton. Ya ɗora yatsa a farkon layin ya bi shi har ƙarshe.

"Ku duba. Daga nan zuwa nan ban ɗaga hannu ba. A tsaye aka yi shi, ana iska, ina rataye da igiya. Injiniya ya zo da na'urarsa ya duba cikinsa, bai samu rami ko ɗaya ba. Irin wannan na yi a bene hawa arba'in. Irin wannan na yi a filin da za a buga ƙwallo jibi. Mutum dubu nawa za su jingina a kai su yi tsalle, ba wanda zai faɗi."

Mutumin da a shekara goma sha tara ba a taɓa jin ya yabi kansa ba, ya yi minti goma yana magana. Direban bas ya yi ta danna oda a waje, ba wanda ya tashi. Da aka zo hotunan West Bay, ya riƙa kiran sunan kowane bene da shekarar da ya hau shi da waɗanda suka yi aiki tare, 'yan Nepal da 'yan Kerala da 'yan Sudan, wasu sun koma gida, wasu sun rasu, aka yi musu addu'a.

Sannan aka shiga yafiya. Bawah ya amsa cewa shi ne ya shekara uku yana satar masa sukari. Tsohon ya ce ya sani, shi ya sa yake zuba gishiri a saman gwangwanin. Aka yi dariya har wani ya faɗo daga kan bokiti. Rafiu ya ce shi abin da zai nemi gafara a kai shi ne mako takwas da ya bar Baba cikin zulumi. Baba Hambali ya kama hannunsa mai rini ya ɗaga sama a cikin hasken majigi.

"Wannan yaron," in ji shi, "kamfani ya daina, Bature ya rufe shago, shi bai daina ba."

Zalihatu ta ce daga bakin ƙofa, a hankali, ai Bayarabe in ya samu Bagobiri ya nuna masa hanya yana ƙoƙari. Rafiu ya ce a rubuta, yau Gobir ta yi abin kirki sau ɗaya.

Ya fara cire hotunan daga majigi zai jera a akwatin kwano. Samari suka miƙe, aka fara ɗaukar ganguna, wani ya kama ƙofa zai buɗe.

"Kar ka buɗe," in ji Baba Hambali. Ya koma kujerarsa, ya gyara zama, ya miƙe ƙafa. "'Yan ƙwallo za su yi mako biyu a garin nan, in sun yi ƙoƙari wata guda. Ni gobe zan tafi. Rafiu, mayar da su. A sake daga farko."

Samarin suka dubi juna, suka ajiye ganguna, suka zauna. Rafiu ya mayar da hoton farko, ya danna.